Agogon da ke Taɓa Ƙafar Baba

Mahaifina ladan ne a masallacin unguwarmu a Tsafe. Tun kafin a haife ni yake kiran salla, duk wanda ya tashi a wannan unguwa da muryarsa ya san asuba. Mutane sun san kunnensa ya yi nauyi, don sai an ɗaga murya in ana gaishe shi, amma ba su san ya kai ga ba ya jin carar zakara ko ƙararrawar agogo ba. Shekara da shekaru Inna ce ke tashinsa, ba wanda ya sani, har mu 'ya'yansa. Ina ƙarama nakan ji cikin magagin barci yana cewa, "Na jiya, baiwar Allah," ban taɓa tambayar kaina abin da ya ji ba. Da Inna ta rasu sai ya fara makara. A mako ɗaya sau biyu aka yi sallar asuba ba kiransa.

Ni a Gusau nake aure, ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. Yayana yana da shagon hatsi a Bunguɗu, kuma tun muna yara shi ne mai yanke hukunci ya zo ya sanar da kai. Haka ya same ni ran wata Laraba, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

"Mun yi magana da Liman," in ji shi. "Baba ya tsuhwa. Za a ba wani kiran, ni kuma in tahi da shi Bunguɗu shi huta."

Na ce, "Kun tambaye shi?"

"Mi za a tambaya? Mutum ba ya ji, ba ya tashi. Ko kunya kike son shi ci gaba da sha?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don ƙarya ya faɗa ba, sai don yadda ya faɗe ta kamar ana maganar tsohon buhu. Na bar shi ya tafi. Ran Asabar na hau motar Tsafe. Na tarar da Baba a zaure, na durƙusa ta kunnensa na hagu, wanda ya ɗan fi ji, na gaya masa abin da ake shiryawa. Ya daɗe yana jan tasbaha kafin ya ce, "In sunka amshe kiran ga, mi za ni tashi in yi da sahe? In zamna ƙohwar shago ina ƙilga buhunnan gero?" Na ce a sa wani maƙwabci ya riƙa shigowa yana tashinsa. Ya ɗaure fuska. Ya ce ladanin da sai unguwa ta tashe shi kafin ya tashe ta, ai ya gama yawo. Ba wanda zai shiga masa ɗaki, ba jikan da za a kawo masa gadi.

Daga nan na buga wa Yaya waya na ce ya ba ni wata ɗaya. Ya tambayi me zan yi, na ce agogo zan haɗa. Dariyar da ya yi har yanzu ina jin ta. Ya ce, "Kurma za ki yi wa agogo? To, Malama, Allah shi ba da sa'a." Na ce amin, na kashe wayar kafin bakina ya jawo mini abin da zan zo ina ba da haƙuri a kansa.

Ina da wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, irin wadda ba ta da allo ba ta da gida, sai dai ka jona mata wayoyi ka rubuta mata umarni. Na sayo makunni mai karɓar umarni, wanda kwamfutar za ta iya kunna wutar ɗaki ko fanka da shi. A gidan Baba akwai sola da batir da inbata da muka sa wa Inna lokacin jinyarta, don haka ban damu da ɗauke wuta ba. Umarnin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Duba lokaci, in ya kai kaza, kunna kaza. Ɗalibata ta aji biyu za ta iya rubuta shi. Wahalar ita ce lokacin asuba ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana matsawa gaba da baya cikin shekara. Na fitar da jadawalin shekara guda da lissafi, na kai wa Baba ina jin kaina. Ya sa tabarau, ya karɓi birona, ya hau soke-soke. Da damina a tashe shi da wuri, don hanyar masallaci taɓo ce. Da sanyi a ƙara masa lokaci, don gwiwarsa ba ta miƙewa nan take. Da azumi kuwa wani lissafin ne daban. Na koma gida na goge nawa na zuba nasa, layi bayan layi.

Gwajin farko da haske na yi. Lokaci na yi, ƙwan lantarki ya kama, ɗaki ya yi fes, Baba kuwa da mayafi yake rufe fuska in zai kwanta, ko gezau. Na biyu na sa fanka ta taso da ƙarfi. Da gari ya waye ya sa mini albarka, ya ce rabonsa da barci mai daɗi irin wannan har ya manta. Na uku na cusa wani ɗan inji mai girgiza a ƙarƙashin katifa. Wannan kam ya tashe shi, amma da salati ya diro daga gado yana neman sanda, ya zaci wani abu ne ya shiga shimfiɗa. Ya ce in cire masa wannan shaiɗanin kafin azahar. Labari ya kai Bunguɗu, Yaya ya aiko mini da saƙo wai yana tambayar lafiyar injiniya. Kwana goma sun tafi a cikin wata ɗayan da na roƙa, kuma a duk kwanakin nan ni nake kwana a Tsafe in na samu dama, in ban samu ba Baba ya kwana a zaune don tsoron makara.

Sai a lokacin na yi tambayar da ya kamata in fara da ita. Na ce, "Baba, wai Inna yaya take tashinka?" Ya kau da kai kamar na tambaye shi abin da bai kamata ɗiya ta tambaya ba. Can ya nuna bango da haɓa. Maficin Inna ne rataye a ƙusa, na kaba, bakinsa daje da jan ƙyalle da ta ɗinka da hannunta.

"Ba ta taɓa kiran sunana ba," in ji shi. "Ba ta taɓa girgiza ni ba. Da wancan taka taɓa ni ga tahin ƙahwa, sau ukku. Shi ke nan."

Na tashi na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska. Matar nan shekara nawa tana rufa masa asiri da mafici, ni kuma na zo da digirina ina jijjiga masa gado.

A ɗakin ajiyar makarantarmu akwai matattun firintoci da aka yasar, na nemi izini na kwance ɗaya na ciro ɗan injin da ke jan takarda. Wani kafinta a bayan gidanmu ya yi mini ɗan katako mai hannu da za a ɗaure a ƙarshen gado. Baba a gefen dama yake kwana, ƙafarsa kullum wuri ɗaya, wannan ya taimake ni. Na ɗaura maficin a hannun katakon, na zauna gyaran lambobi: nisan da zai tafi, ƙarfin da zai taɓa, jiran da zai yi tsakanin taɓawa da taɓawa. A ƙafata na riƙa gwadawa a tsakar ɗakina, maigidana ya shigo ya gan ni kwance mafici yana marin ƙafata, ya juya ya fita. Da na kai wa Baba, ya miƙe a gado da rana tsaka ya gwada. Ya ce ya cika gaggawa. Ita takan taɓa ta dakata, kamar mai sallama tana jiran a amsa. Na ƙara jiran, ya ce ya yi yawa. Na rage kaɗan, sai ya lumshe ido, na san an zo wurin. Na rubuta cewa ya taɓa sau uku, ya jira minti ɗaya, ya sake, har sai Baba ya danna wani maɓalli da na sa masa a kan gado. Da ya danna, wutar tsakar gida ta kama, saƙo kuma ya shigo wayata a Gusau mai kalma biyu: ya tashi.

Mako uku cur abin yana aiki. Kullum da asuba wayata ta yi ƙara in duba in ga kalmomin nan biyu, in yi hamdala. Yaya da ya zo ya ga maficin a ɗaure sai ya hau faɗa, wai na mai da kayan mamaciya abin wasa. Na ce da ya rataye a bango gizo-gizo na saƙa a kansa, da ya ci gaba da aikin da mai shi ta saba sa shi, wanne ya fi? Ya juya ya fita, ni kuma na ɗauka na ci gari. Daga nan kaina ya fara girma. Na ce tunda abin ya karɓu, bari in ƙara hita, ta riƙa ɗuma wa Baba ruwan alwala kafin ya tashi. Ba wanda ya roƙe ni. So nake a ce a Tsafe akwai gidan da ruwa ke ɗuma kansa, kuma ɗiyar gidan ce ta haɗa. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

A ƙarshen daminar wannan shekara ne aka katse layukan waya a jiharmu saboda matsalar tsaro. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Da saƙon asuba ya daina zuwa ban damu ba, na ce ai sabis ne babu, agogona yana can yana aikinsa. Kwana biyar ina wannan ganganci. A rana ta shida na je tasha zan ba da saƙon magani a kai wa Baba, sai wani direban Tsafe, ɗan unguwarmu, ya ce, "Malama, lahiya dai? Kwana ukku ke nan ba mu ji Baba ba." Ban koma makaranta ba, motarsa na shiga.

Da hantsi na isa. Motar Yaya na ƙofar gida, jakar Baba a ɗaure a tsakar gida. Na wuce su na shiga ɗaki. Ina tsaye ina duba wayoyi sai ƙwai ya kama, maficin ya ɗaga ya taɓa katifa sau uku, ba kowa a kai. Ƙarfe goma na safe. Nan take na gane abin da na yi. An yi kwanaki ana hadari, sola ba ta cika batir ba, hitata ta zo ta zuƙe ragowar kafin lokacin tashi, komai ya mutu. Ita kuwa 'yar kwamfutar nan ba ta da agogon kanta, duk sanda ta farfaɗo intanet take tambaya ƙarfe nawa. Da ta tambaya ba wanda ya amsa, sai ta ci gaba daga inda ta suma. Na san wannan sarai, har koyar da shi nake yi, amma ban taɓa kawo wa raina ranar da za a wayi gari ba sabis a jiha guda ba.

Na fito na tarar Yaya zai ɗauki jaka. Baba na zaune a kan tabarma sanye da babbar rigarsa ta tafiya, ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganinsa haka ba. Na je na zauna a kan jakar.

"Tashi," in ji Yaya.

"Ba ni tashi. Laihina na, ba na Baba ba. Ni niy yi kuskure, ni za a kora, ba shi ba."

"Wata guda kinka roƙa, an ba ki, har da ƙari. Kin ga abin da ya jawo."

"Na gani. In za ka ɗauki jakar ga, sai dai ka haɗa da ni ka sa a mota."

Ina da nauyi, shi ma ya sani. Muka yi cirko-cirko har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, shi kuwa ba abin da ya tsana kamar idon mutane. A ƙarshe na ce ya raka ni wurin Liman. A zaurensa na durƙusa na faɗi komai, har da hitar, ban rage wa kaina ko kaɗan ba. Liman dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ɗiyata, salla ba abin gwaji ba ta. Mutane sun yi ƙorahi." Na ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma shekarun da ya yi yana tashin unguwar nan ba su kai a ba shi asuba ɗaya ba?" Ya dube ni, ya dubi Yaya. Ya ce wanda za a ba kiran zai zo gobe ya tsaya a shirye. In Baba ya iso a kan lokacinsa, kiran nasa ne. In bai iso ba, kada a sake kawo masa maganar. Yaya ya ƙara nasa sharaɗin a hanya, cewa ba mai tashin Baba da hannu, kuma zai kwana a gidan don ya tabbatar ban yi coge ba.

Na koma Gusau a ranar. Akwai wani mutumin kudu, Kirista, mai shagon kayan lantarki a kasuwa, wanda nake sayen wayoyi a wurinsa. Na kwatanta masa abin da nake nema, ɗan agogo da ake jona wa kwamfuta, mai batirinsa kamar kwabo, wanda ko an ɗauke wuta yana ƙirga lokaci. Ya zazzage akwati uku a ƙasa yana tonawa, ya ce wani ɗalibi ya taɓa sa shi ya kawo bai dawo ya karɓa ba. Da ya samo shi na ba shi labari a taƙaice, ya ce, "Madam, maza ki tafi kafin yamma ta yi miki a hanya." Kafin la'asar na koma Tsafe. Na fizge hitar na jefa ta cikin kwandon kicin. Na ware wa kwamfutar da maficin ɗan batir nasu daban. Na jona sabon agogon, na saita shi da agogon hannun Baba, na kashe komai na kunna har sau bakwai ina duba ko zai tuna. Ya tuna.

Tun kafin lokaci ya yi ni da Yaya muna zaune a bakin ƙofar ɗakin Baba, ya riƙe tocila a kashe, ni na cusa hannuwana a ƙarƙashin cinyata don kada su ci amanata. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Kwanaki uku mutumin nan bai yi barcin kirki ba, a zaune yake kwana har barci ya sace shi gab da asuba, yanzu kuwa ya samu, ana jin numfashinsa har waje. Ƙwai ya kama daidai minti. Maficin ya ɗaga, ya taɓa, ya dakata, ya taɓa, ya dakata, ya taɓa. Baba bai motsa ba. Yaya ya waiwayo ya dube ni, na ƙi kallonsa. Ni na rubuta jiran minti ɗayan nan da hannuna, kuma ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Taku uku ne tsakanina da ƙafar, na ƙirga su. Na zauna inda nake.

Maficin ya sake ɗagawa. A taɓawa ta biyu ƙafar ta janye cikin mayafi. Daga ƙarƙashin mayafin, da muryar barci, Baba ya ce, "Na jiya, baiwar Allah."

Yaya ya ajiye tocilar a ƙasa a hankali. Shi ma ya tashi a gidan nan, shi ma ya sha jin wannan magana cikin magagi. Ya miƙe ya je ya cika buta ya ajiye a bakin ƙofa, ya jawo takalman Baba ya daidaita su. Baba ya danna maɓallinsa, wutar tsakar gida ta kama, ya fito ya gan mu ya ce mi muke yi zaune kamar masu jiran gawa. Ya yi alwala, ya ɗaga kai ya dubi sama yadda ya saba, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ba a jima ba muryarsa ta taso daga lasifika, ba rawa ba gargada. Shi bai ji ta ba, amma unguwa ta ji. Ina zaune a dandaryar ƙasa ina share hawaye da gefen mayafi, na ga Yaya ya ɗauki jakar ya mai da ita ɗaki. Da ya fito zai tafi masallaci sai ya tsaya a kaina, yana kallon wani wuri daban.

"Batirin nan ƙarami," in ji shi, "in ya mutu, ƙaƙa aka canza shi?"

Na ji shi sarai. Na bar shi sai da ya tambaya sau biyu kafin na tashi na nuna masa.